Bashin Asibiti da Sunan Ɗan Kasuwa a Banki: A Gyara Kafin a Nemi Rance

Idan ba a manta ba, a watan Janairun 2025 hukumar da ke kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi a Amurka, wato CFPB, ta fito da wata ƙa'ida da za ta share bashin asibiti na kimanin dala biliyan 49 daga tarihin bashin mutum miliyan 15. Hujjar hukumar ita ce babu wanda ke zaɓar ranar da ciwo zai kama shi, don haka bashin magani ba ya nuna ko mutum mai cika alkawari ne ko maƙetaci. Sai dai murna ta koma ciki, domin a watan Yulin 2025 wani alƙalin kotun tarayya a jihar Texas ya soke ƙa'idar. Abin da ya rage wa Amurkawa shi ne sassaucin da manyan kamfanoninsu uku, Equifax da Experian da TransUnion, suka yi tun farko: a 2022 sun daina nuna bashin asibitin da aka riga aka biya, a 2023 kuma suka cire wanda bai kai dala 500 ba.

Wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan mai sayar da wake a Maigatari ko mai atamfa a Birnin Ƙonni da shari'ar Texas? Amsar ita ce irin wannan rajista ta daɗe da isowa ƙasashenmu, kuma da yawa daga cikinmu sunayensu na ciki ba su sani ba.

A Najeriya akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki da ke tara tarihin bashin jama'a: CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Dokar da ta tsara aikinsu ta fito a 2017, kuma Babban Bankin ya umarci bankuna su duba rahoton aƙalla biyu daga cikinsu kafin su ba kowa rance. Kamfanin CRC har maki yake ba mutum, daga 300 zuwa 850; wanda makinsa ya yi ƙasa ko dai a hana shi, ko a tsawwala masa sharuɗɗa. A ɓangaren sefa kuwa, bankin BCEAO ya ba kamfanin Creditinfo izinin wannan aiki, ya fara a 2016, kuma rumbunsa ya haɗa ƙasashe takwas na UEMOA har da Nijar. Ke nan bashin da aka ci a Kwatano ana iya ganinsa a Yamai. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ba ta taɓa wannan tsari ba, tunda tana nan cikin ƙasashen sefa.

A nan ne bambancinmu da Amurka yake. A wurinmu asibiti ba ya yawan bin mutum bashi, kuɗi hannu ake cewa kafin a taɓa majiyyaci. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Saboda haka idan uwargida ta buƙaci tiyata ko tsoho ya kwanta, ɗan kasuwa yakan fara da taɓa jari, sannan ya karkatar da rancen da ya karɓo don sarin kaya, daga nan ya faɗa hannun ƙaramin banki ko masu ba da rance ta wayar salula. Lokacin da bashin zai shiga rajista, babu inda za a rubuta cewa na magani ne. Kwamfuta abu uku ta sani: nawa aka karɓa, nawa aka biya, kwana nawa aka makara. A ƙa'idar bankunan Najeriya, rancen da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ya shiga sahun gurɓatattun basussuka, ko da mai shi a bakin gadon asibiti ya yi waɗannan kwanaki.

Mu 'yan kasuwar kan iyaka abin ya fi yi mana nauyi. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai har zuwa Maris na 2024, ga kuma faɗuwar darajar naira tun tsakiyar 2023. Wanda ciwo ya shigar masa gida a irin waɗannan watanni, kasuwa a tsaye a Jibiya da Illela da Ɗan Isa, da me zai biya banki a kan kari? Ga shi kuma tun Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin GSI, wanda ya ba bankin da ke bin mutum bashi ikon cire kuɗinsa daga asusun da yake da shi a wani banki, ta hanyar lambar BVN. Sauya banki ya daina zama mafita.

To mene ne abin yi ga wanda yake son neman sabon rance alhali yana da irin wannan tabo?

Na farko, ya ga takardarsa da idonsa kafin manajan banki ya gani. A Najeriya mutum na da haƙƙin karɓar rahoton tarihin bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma gara ya nema daga kamfanonin uku duka, domin abin da ke wurin wannan ba lallai ya kasance wurin wancan ba. Wanda ke da asusu a ɓangaren sefa ya tambayi bankinsa yadda zai sami nasa rahoton na Creditinfo, tunda rumbunan biyu ba ɗaya ba ne.

Na biyu, ya bi rahoton layi-layi. Sau da yawa akan tarar da bashin da aka gama biya amma ba a goge ba, ko ragowar 'yan kuɗin caji da suka taru a tsohon asusu, ko bashin wani mai irin sunansa, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar da Sani Abdullahi ya fi a ƙirga. Idan akwai kuskure, a rubuta ƙorafi ga bankin da kuma kamfanin rajistar, a haɗa da rasit, a riƙe kwafi. Maganar baka ba ta gyara rajista.

Na uku, idan bashin gaskiya ne, a tunkari mai shi tun kafin ya aiko. A je da takardun asibiti da rasit ɗin magani, a nemi a sake tsara biyan daidai ƙarfin ciniki, a kuma roƙi a yafe wani abu daga tarar makara. Doka ba ta tilasta wa banki ya yarda ba, amma bankuna sun fi son wanda ya zo da ƙafarsa a kan wanda ya kashe waya. Duk abin da aka daidaita a kai a sa shi a rubuce. A fara da bashin da ya fi daɗewa da wanda ruwansa ya fi gudu, kada a ci sabon bashin waya don a rufe tsoho.

Na huɗu, bayan an gama biya a karɓi takardar shaidar kammalawa, a jira wata ɗaya ko biyu, sannan a sake duba rahoton a tabbatar an sabunta shi. A sani cewa biya ba ya share tarihi nan take, tabon makara yakan daɗe shekaru ana ganinsa. Amma bashin da aka rufe da wanda ke buɗe ba ɗaya suke ba a idon mai ba da rance. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu zai goge suna daga kwamfuta, ɗan damfara ne.

Na biyar, a yi haƙuri a gina sabon tarihi na wasu watanni. Cinikin da ake yi ya riƙa ratsawa ta asusu maimakon ya ƙare a aljihu, a guji yawo banki-banki ana cike takardar neman rance, domin kowane bincike da aka yi a kan mutum yana fitowa a rahotonsa. A kuma yi hattara da tsaya wa wani, don idan ya gaza, kan mai lamuni ake dawowa. Masu gudun ruwa su ma maganar ta shafe su, saboda bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ suna ƙarƙashin Babban Banki ɗaya, kuma su ma suna duba wannan rajista.

Duk da haka, rigakafi ya fi magani. Najeriya ta yi dokar inshorar lafiya a 2022 wadda ta wajabta shiga ga kowa, amma har yau tsarin bai kai ga yawancin 'yan kasuwar ƙauye ba. Nijar ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati daga Satumbar 2024, abin a yaba, sai dai kuɗin magani da na mota da na zaman jinya suna nan a wuyan iyali. Muna ganin lokaci ya yi da ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu za su ware asusun jinya daban, kamar yadda muke adashi, su kuma shiga inshorar jihohinsu a ƙungiyance. Muna kuma kira ga Babban Bankin Najeriya da BCEAO su duba yiwuwar ba wanda ya kawo shaidar asibiti wa'adin numfashi kafin a sa masa baƙin tambari.

A kasuwa mun saba cewa sunan mutum shi ne babban jarinsa. A da, dattawan layi ne ke shaidar wannan suna, kuma sun san wanda ciwo ya karya da wanda ya ci amana. Yanzu da shaidar ta koma rubuce, wajibi ne kowannenmu ya san abin da aka rubuta a kansa, ya gyara shi tun kafin ranar buƙata. Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.