Ketuba: Alkawarin Aure a Wurin Yahudawa

Yahudawa masu riƙo da addini ba sa ɗaura aure sai shaidu biyu sun sa hannu a takardar ketuba, wadda ake rubutawa da Aramiyanci. A cikinta ango ke ɗaukar nauyin ci, sutura da haƙƙin shimfiɗa, da zuz 200 ga budurwa in ya sake ta ko ya mutu, don kada saki ya zame masa abin wasa. In ta ɓace, haramun ne su zauna tare sai an sake wata.

Wannan ya burge ni ƙwarai. Sai dai tawada ba ta sa tsoron Allah. Har yau akwai matan da suke kira aguna: miji ya ƙi ba da takardar saki, ga su ba aure, ba damar yin wani.