Kafin ka maƙala ƙafa a feda

Ka ga masu tseren keken hawan dutse a YouTube, takalminsu maƙale da feda, kai ma ka fara tara kuɗin irin ta Shimano SPD. To, ba laifi. Amma bidiyon ba ya nuna maka wankin bayan tsere. Idan laka ta cika sifirin ta bushe, ƙarfen ƙasan takalmi ko ya ƙi shiga, ko ya ƙi fita sa'ad da kake son dira. Nan ake karyewa. Duk ranar da ka shiga taɓo, wanke fedar da ruwa da tsohon buroshin haƙori, ka ɗiga mai kaɗan a sifirin, ka goge rarar. In ba za ka jure wannan ba, gara ka zauna kan fedarka ta da har damina ta wuce.