Ingilishinmu sanye yake da rigar Faransanci



Tun watan Maris na 2025, kundin Refondation ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya aje Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Maganar nan ta shafe mu kai tsaye. Mai neman aiki a ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa a Yamai, da ɗan kasuwar Maradi mai sayo kaya daga Dubai, da mai bak da ke son karatu a Sakkwato ko Akra, duk za a ce su rubuto Ingilishi. Kuma da rubutun za a auna su tun ba a ga fuskarsu ba.

Mun fara Ingilishi tun ajin farko na kolej, amma in muka zauna rubutu, kai na tunani da Faransanci, hannu na juyawa kalma bayan kalma. Daga nan yawancin kurakuranmu ke fitowa.

Ɗauki "I have 25 years". Nan Hausa da Faransanci suka haɗa baki suka ruɗe mu: muna cewa "ina da shekara 25", Bafaranshe ma haka yake faɗi. Ingilishi kuwa "I am 25" yake so. Haka "I am agree", cire "am" ɗin, "I agree" ta wadatar. "Information" da "advice" ba su ɗaukar "s" ko da sun cika buhu.

Waɗannan dariya kawai za su jawo maka. Masu haɗarin su ne kalmomin da suka yi kama a harsunan biyu, ma'ana kuwa ta sha bamban. "Demander" roƙo ne, amma in ka rubuta "I demand a job", ka ce wa mai kamfani dole ya ba ka aiki. "I assisted the meeting" na nufin ka taimaka, kai kuwa halarta ka yi: "I attended". Horon da muke kira "formation" sunansa "training", "stage" kuma "internship". Mafi muni, "passer un examen" zaman jarrabawa ne kawai, "I passed the exam" kuwa cewa ka yi ka ci. Ka ga ka shara ƙarya a CV ba da niyya ba.

Wani zai ce, "To ai an gane abin da nake nufi." A hirar WhatsApp da abokinka, i, an gane. Amma wanda aka jibge wa tulin dosiye bisa tebur ba ya da lokacin yi maka fassara, gefe zai tura taka. Wani kuma ya dogara da Google Translate. Yana taimakawa, sai dai in ba ka san ƙa'ida ba, yaya za ka gane ranar da ya kai ka ya baro?

Gyaran ba ya cin ko dala. Ka fara tsayar da abin da kake son faɗi a ranka, sannan ka rubuta shi da gajerun jimloli, kowace da magana guda. Ka buɗe ɗan kaye na kalmomin nan masu ruɗi, duk wadda ta kama ka, ka shigar. Kafin ka aika takarda, karanta ta da ƙarfi, ka ba wani ya duba. A fada ma, kafin shayi na uku ya nuna, ana iya gyara wa mutum biyu takardar neman aiki.

Wace kalma ce ta fi ba ku wahala? Ku faɗa, mu gyara tare. Allah ya sa mu dace.