RA'AYINMU: A Kira Kowane Laifi da Sunansa

Duk malamin da ya taɓa riƙe makaranta, ko da na riƙon ƙwarya ne, ya san littafin nan mai kaurin bango da ke kwance a durowar hedimasta, wanda muke kira logbuk. A cikinsa ake rubuta zuwan mai duba makarantu, da ranar da iska ta yaye rufin aji, da ranar da aka kawo alli da littattafai. A 'yan shekarun nan wata jimla ta shigo cikinsa ta zauna daram: "Yau ba a yi karatu ba saboda matsalar tsaro." Da hannunmu muke rubuta ta, don haka mun san abin da take ɗauke da shi. Wata rana jita-jita ce ta taso daga kasuwa, iyaye suka zo suka kwashe 'ya'yansu. Wata rana babura ne suka gifta ta bayan makaranta da mutane riƙe da bindigogi. Wata rana malami aka tare a hanya aka karɓe masa babur da waya. Wata rana kuwa ɗalibi ne bai zo ba, domin a daren jiya an tafi da shi tare da mahaifiyarsa. Abubuwa huɗu ke nan, nauyinsu ba ɗaya ba, maganinsu ba ɗaya ba, amma duk mun cusa su a buhu guda mun ɗaure bakinsa.

'Yan uwa malamai, matsayin wannan reshe shi ne lokaci ya yi da za a kwance buhun. Laifin da ba a kira shi da sunansa ba, ba ya shiga lissafi, abin da bai shiga lissafi ba kuwa babu wanda zai ware masa kuɗi ko jami'in tsaro.

Shekarar 2021 kaɗai ta ishe mu darasi, domin ƙananan hukumomin nan uku da muke zaune a tsakaninsu babu wadda ta tsira. A daren 26 ga Fabrairu aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara aka kwashe ɗalibai daga ɗakunan kwanansu. A tsakiyar Agusta aka auka wa Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Bakura, aka tafi da ɗalibai 15 da ma'aikata huɗu, aka kashe ɗan sanda da masu gadi biyu. Ranar 1 ga Satumba kuma, da rana tsaka, aka ɗebi ɗalibai 73 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun, abin da ya sa gwamnati ta rufe makarantun jihar. A bakin jama'a duk sunansu ɗaya, wai an kai hari makaranta. Amma na farko ya nuna raunin makarantar kwana da daddare, na biyu ya haɗa kisa da garkuwa da mutane kuma ya shafi ma'aikata, na uku ya tabbatar da cewa sallamar yara su kwana a gida ba ta wadatar ba. Wanda ya ƙidaya su a matsayin abu ɗaya, magani ɗaya zai rubuta wa cuta uku.

Ko adadin waɗanda aka sace ma ya zama abin gardama. A Jangebe an fara sanar da 317, amma da aka sako 'yan matan ranar 2 ga Maris, 279 aka ƙirga. A Kuriga ta jihar Kaduna, a watan Maris na 2024, an fara faɗin 287, aka dawo da 137. Ba ma zargin kowa da ƙarya, domin wanda ya taɓa ganin makaranta a ruɗe ya san wasu yaran daji suke faɗawa, wasu gida suke gudu. Sai dai duk ranar da alƙaluma suka saɓa, zuciyar uwa ce take biyan farashin, kuma amincin da ke tsakanin jama'a da hukuma ne yake raguwa. Rajistar da aka kira da safe, aka rubuta da gaskiya, ita ce hujja ta farko da ke raba irin wannan gardama, kuma a hannunmu take.

Wanda yake ganin suna ba komai ba ne, ya tuna cewa shekaru aka yi ana kiran masu addabar mu 'yan bindiga, ɓarayin shanu, ɓarayin daji, kowa da nasa. Sai a watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyinsu a matsayin na 'yan ta'adda, gwamnatin tarayya kuma ta buga hukuncin a jaridarta ta hukuma. Mutanen ba su canza ba, ayyukansu ba su canza ba, amma da sunan ya canza, dokar da za a tuhume su da ita ta canza.

Rarrabe laifuffuka kuwa ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ya ji yadda malaman fiƙihu suka bambanta sata da fashi. Sata ita ce ɗaukar dukiyar wani a ɓoye daga ma'ajiyarta. Fashi, wato hiraba, shi ne tare mutane da makami a tsoratar da su. Ƙwace a bainar jama'a daban, cin amanar abin da aka ba mutum ajiya daban, kowanne da sharuɗɗansa da hukuncinsa. Dokar shari'ar Musulunci da ta fara aiki a Zamfara a watan Janairun 2000 a kan wannan rarrabewa ta ginu. Abin mamaki ne a ce alƙali a kotu yana da ma'auni mai kaifi haka, amma hedimasta, wanda shi ne shaidar farko, ba shi da komai sai kalmar "matsala".

Akwai ƙasar da ta taɓa fuskantar irin wannan duhu a manyan makarantunta. A shekarar 1986 wani ɗalibi ya kashe wata ɗaliba mai suna Jeanne Clery a ɗakin kwananta a Jami'ar Lehigh da ke Amurka. Bayan rasuwarta iyayenta suka gano cewa an sha aikata munanan laifuffuka a jami'ar ba tare da an sanar da ɗalibai ko iyayensu ba. Fafutukarsu ce ta haifar da dokar 1990 da yau ake kira da sunan 'yarsu. Dokar ta wajabta wa duk kwaleji ko jami'ar da ke cin gajiyar tallafin ɗalibai na gwamnatin tarayya ta fitar da rahoto kowace shekara, zuwa ranar 1 ga Oktoba, ɗauke da alƙaluman shekaru uku. Kowane laifi da ma'anarsa a rubuce: kisa, fyaɗe, fashi, duka mai tsanani, fasa gini, satar mota, sa wuta da gangan. An kuma fayyace wuraren da ake ƙidayawa: cikin harabar makaranta, gine-ginenta na waje, da titin da ya yi iyaka da ita. Muhimmin abu shi ne ana rubuta laifi da zarar an kawo rahotonsa, ba a jiran sai kotu ta yanke hukunci.

Hikimar abin koyi ce, amma jerin nasu ba zai yi mana ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Garkuwa da mutane, wadda ita ce babbar masifarmu, ba ta cikin jerin laifuffukan da waccan doka ta lissafa. Iyakar wurin da suka shata ma ta yi mana kaɗan. A watan Satumba na 2023, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace daga gidajen haya na Sabon Gida aka ɗauke su, a wajen jami'a. Malamin da ke tasowa daga Talata Mafara zuwa makarantar ƙauye a kan babur, haɗarinsa a hanya yake. Lissafin da ya tsaya a bakin ƙofar makaranta zai nuna mu lafiya lau alhali muna binne 'yan uwanmu.

Saboda haka muna ba da shawarar a samar da takarda guda, da Hausa da Turanci, wadda kowace makaranta za ta riƙa cikewa, tana amsa tambayoyi huɗu. Ta farko: mene ne ya faru? A nan a ware kisa, da sace mutum, da yunƙurin sacewa da bai yi nasara ba, da fashi da makami, da fasa aji ko sito a saci kaya, da ƙone gini, da barazana ta wasiƙa ko waya ko neman haraji, da shigar masu makami harabar makaranta ko da ba su taɓa kowa ba. Jita-jita a ba ta gurbinta daban, domin ba laifi ba ce da aka tabbatar, amma ranar karatun da ta cinye asara ce da ya kamata a ƙirga. Ta biyu: a ina ya faru? A cikin makaranta, a hanyar zuwa ko komawa, ko a gidan ɗalibi ko malami? Ta uku: wa ya shafa, kuma mutum nawa? Ɗalibi, malami, maigadi, mai dafa abinci, kowa rai ne. Ta huɗu: wa aka sanar, kuma me ya biyo baya?

Akwai wani sashe da ya fi mana nauyin faɗa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba duk abin da ke cutar da yaro a makaranta ne yake fitowa daga daji ba. Lalata da ɗaliba, ko wane ne ya aikata, laifi ne, kuma sunansa ke nan. Kiran sa "kuskure" ko "ƙaddara", a sasanta a zaure, a mayar da mai laifin wata makaranta, zalunci ne na biyu. Dukan da ya fasa jiki ko ya karya ƙashi ya wuce horo. Cin zalin ƙanana da manyan ɗalibai ke yi ya wuce wasan yara. Ƙungiya tana kare haƙƙin ɗanta da aka zalunta ko aka yi wa ƙazafi, kuma za ta tsaya a yi masa bincike na adalci, amma ba za ta zama mafakar mai ɓata 'ya'yan jama'a ba. A irin waɗannan rahotanni dole ne a sakaya sunan yaron, a rubuta laifin, a rufa wa wanda aka cuta asiri.

Mun san dalilin da ya sa alƙalaminmu yake karkacewa. Hedimasta yana tsoron in ya rubuta gaskiya a ce ya ɓata sunan yanki, ko a rufe makarantar, ko a yi masa canjin wurin aiki na horo. Yana kuma tsoron takardar ta faɗa hannun masu kai wa ɓarayi labari. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma babu tsarin da zai yi aiki in bai magance shi ba. Don haka muna kira ga Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jiha da sakatarorin ilimi na Maradun da Bakura da Talata Mafara da su tabbatar a rubuce cewa kawo rahoto ba zai zama dalilin tuhuma ba, su taƙaita hannayen da takardar za ta bi, su kuma riƙa bayyana wa kwamitocin makarantu da iyaye jimillar alƙaluman kowane zangon karatu ba tare da sunaye ba. Makarantar da ta kawo rahoto da yawa ba lallai ne ta fi sauran haɗari ba, wataƙila ta fi su gaskiya ne.

Hukumomi sun riga sun ɗauki alkawari. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu da aka ƙaddamar a birnin Oslo a 2015, har Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya a kanta a watan Oktoba na 2021. A wannan shekarar aka fitar da manufar ƙasa kan tsaron makarantu da kawar da cin zarafi a cikinsu. A ƙarshen 2022 aka ƙaddamar da shirin kashe kimanin naira biliyan 144 a kan tsaron makarantu daga 2023 zuwa 2026. Tambayarmu ita ce: da wane ma'auni za a san makarantar da ke buƙatar katanga, da wadda ke buƙatar a tsare hanyarta, da wadda ke buƙatar malama mai sauraron koken 'yan mata? In bayanan da ke fita daga ƙauyukanmu duk "matsalar tsaro" suke cewa, mai rabo zai raba ne da ka, kuma mun san wanda ake mantawa in ana rabo da ka: makarantar firamare ta ƙauye, wadda ba ta da katanga kuma ba ta da mai magana da yawunta.

Ba sai mun jira takarda ta iso daga Gusau ba. Daga wannan zangon, kowane malamin aji ya kira rajista a kan lokaci, safe da bayan tara. Kowane hedimasta ya rubuta abin da ya faru da sunansa, da wurinsa, da lokacinsa, da adadin mutanen da ya shafa, ya bambanta abin da ya gani da abin da aka faɗa masa. Wakilan ƙungiya su zo da taƙaitaccen bayani zuwa taron reshe, domin in mun zauna da hukuma mu yi magana da hujja a hannu. Iyaye da iyalanmu kuma, waɗanda su ne ke zaman zullumi har mu dawo, muna roƙon su daina ganin kai rahoto a matsayin tonon asiri.

Allah Ya jiƙan malamai da ɗalibai da masu gadin da muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya dawo wa Janbako da Zamfara baki ɗaya da zaman lafiya. Amin.