Gagara-Rabo: Sunan da Ya Kamata Ya Fito Daga Wasa

Yaron Gidan Sori, a gundumar Gidan Rumji ta jihar Maradi, yakan tarar da "nombre premier" a kan allo tun bai san abin da sunan ke nufi ba. Fassarar kalma da kalma, wato "lambar farko", ɓad da shi take yi: zai zaci 1 ake nufi, alhali 1 ba ta cikin wannan dangi.

Maganin yana gurbin dara, mai layi 5 na gurabe shida-shida. Yaron da ya saba da shi ya riga ya san 30 tana jeruwa daidai. A ba yara tsakuwa, a ce su jera ta layi biyu ko fiye, kowane layi daidai da ɗan'uwansa, ban da ɗai-ɗai. Tsakuwa 12 za ta ba da layi 3 na hurhuɗu. 13 kuwa, ko yaya aka juya ta, sai an bar saura. Wanda ya fara gano lambar da ta ƙi jeruwa shi ya ci. Haka 2, 3, 5, 7 da 11 za su bayyana kansu.

Daga nan suna ba zai yi wuya ba. Harshen da ya ƙera "gagara-gasa" da "gagara-badau" ba zai kasa ƙera "gagara-rabo" ba.

Tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma wannan matsayi ba zai amfani ɗalibi ba muddin kalmomin lissafi baƙi ne a kunnensa. Wajibin masu nazarin harshe ne su zauna da malaman firamare, su gwada kowace sabuwar kalma a bakin yara kafin ta shiga littafi.