Kafin Mu Danƙa Masa Sandar Makaho

Yau za mu ɗan jingine zancen tsara labari da ƙa'idojin rubutu, mu taɓo wata magana da ke cikin gidajenmu wadda alƙalumanmu suka daɗe suna tsallakewa.

Idan wani ya zo neman auren 'yarmu a Dutse ko Kiyawa, ba ma ba shi sai mun yi bincike. A tura mutum unguwarsu ya jiyo asalinsa da sana'arsa da irin majalisar da yake zama, in ya taɓa aure a ji dalilin rabuwar. Ɗan kasuwa a Shuwarin ba ya ɗaukar yaron shago sai an kawo mai tsaya masa. Ko babur za a ba matashi ya yi haya, sai an san ƙofar gidansu. Amma ranar da za a nemo wanda zai riƙa jan makahon gidanmu, ko wadda za ta riƙa yi wa gwaggonmu mai shanyewar ɓarin jiki wanka, tambaya ɗaya muke yi: wa ke zaune ba ya komai? Wanda aka samu shi ke nan, an ɗauke shi aiki.

Mu dubi abin da muke danƙa wa mutumin nan. Ɗan jagora shi ke zaɓar hanyar da za a bi, shi ke ƙirga canji. Mai tura keken gurgu shi ke yanke lokacin fita da na dawowa. 'Yar aikin da ke kula da yarinya mai lalurar ƙwaƙwalwa tana ganin tsiraicinta kullum. Mai jinyar da ke kwana da marar lafiya a Asibitin Rasheed Shekoni ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu shi ke jin bayanin likita, shi ke ba da magani. Mai yi wa kurma tafinta shi ne bakinsa a gaban alƙali. Haka masu kula da ɗakunan kwana a makarantu irin ta makafi da ke Limawa a Dutse da ta kurame da ke Haɗeja. Jiki da kuɗi da sirri da murya, duk a hannun mutum ɗaya. Babu yaron shagon da aka taɓa ba wa amana mai nauyin wannan.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a sha'anin masu buƙata ta musamman. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan su alawus na Naira 7,000 duk wata, a 2017 kuma jihar ta samu dokarta ta kare haƙƙinsu. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar tarayya da ta haramta nuna musu wariya, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma hana amfani da su wajen bara. Duk wannan ci gaba ne. Sai dai doka a bakin zaure take tsayawa, ba ta shiga ɗakin da ake yi wa mutum wanka. Kuɗi kuma yau ta asusun banki suke zuwa, tallafi ne ko aiken ɗan uwa daga Legas. Wanda ba ya gani ko ba ya iya fita, dole ya ba wani katinsa da lambar sirrinsa ya je wurin mai POS. To wane ne wannan wanin, kuma wa ya tantance shi?

Abin da ke faruwa idan aka miƙa mai rauni ba tare da bincike ba, mun gan shi da idonmu. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300, manya da yara, daga wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. A watan Oktoba aka sake bankaɗo irinsa a Daura. A Nuwamba ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan yadda ake ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa a wurare daban-daban a Najeriya. Abin da ya fi ciwo shi ne da yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, don sun ji an ce wurin yana gyara mutane. Ji aka yi, ba a je an gani ba.

Wani zai ce to a riƙa neman takardar shaidar hali daga 'yan sanda. A nema, tana da amfani. A duba lambar shaidar ɗan ƙasa, a kuma leƙa rajistar masu laifin fyaɗe da hukumar NAPTIP ta buɗe a Nuwamban 2019. Amma takarda wanda aka kama kaɗai take nunawa, mu kuwa mun san yadda ake kashe irin wannan magana a zaure da sunan rufin asiri. Ko a Ingila, inda aka kafa hukumar duba tarihin laifin masu neman aiki tun 2002, sai da BBC ta shigar da kyamarar ɓoye wani asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa mai suna Winterbourne View kusa da Bristol a 2011, sannan duniya ta ga irin azabar da ma'aikata ke gana musu. Ma'aikata 11 suka amsa laifinsu a kotu, aka ɗaure 6. Kafin nan wani ma'aikacin jinya ya kai ƙara, ba a saurare shi ba. Darasin a fili yake: takarda somin-taɓi ce, ainihin tantancewa tana wurin sauraro.

Ga abin da muke gani ya kamata, ko gida ne zai ɗauki mutum ɗaya ko makaranta ce za ta ɗauki goma.

Na farko, a fayyace aikin tun kafin a nemi mai yinsa. Wanka ne da kai wa banɗaki? Rakiya kasuwa ce? Da kwana ko ba kwana? Nawa ne ladan, kuma wace rana ce ta hutu? Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma adalci shi ne a gaya wa mutum da aski a cikin aikin kafin ya karɓi ladan. Da yawa daga cikin tsangwamar da ake yi wa mai lalura daga nan take farawa: an ce wa yarinya shara da wanke-wanke za ta yi, ta zo ta tarar da wankin kashi.

Na biyu, mai tsayawa ya zama wanda ya san mutumin da gaske. An ruwaito cewa wani ya zo zai wanke wani mai shaida a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya ce babu ko ɗaya, sai ya nuna masa cewa bai san shi ba. Wannan ma'auni ya ishe mu. Wanda yake ganinsa a sahun gaba kawai bai isa shaida ba. A je wurin mai unguwarsu, a kuma nemi gidan da ya yi aiki a baya a yi musu tambaya ɗaya: da zai dawo, za ku sake ɗaukarsa? Shirun da za su yi kafin amsa ma amsa ce.

Na uku, a daina tambayar da kowa ya san amsarta. Ka tambayi mutum ko yana da haƙuri, zai ce yana da shi. Ka tambaye shi ko yana da tausayi, har hawaye sai ya kawo. Tausayi kuwa ba ya hana mutum kulle wa makaho ƙofa da sunan kada ya fita ya faɗi. A tambaye shi: in Baba ya ƙi cin abinci kwana biyu, me za ka yi? In Inna ta ce sai ta je biki Jahun kai kuma ka gaji, yaya ke nan? In ka ga wani ɗan gida yana taɓa kuɗinta, wa za ka gaya wa? Mai cewa zai ɗura abincin da ƙarfi ya riga ya ba mu amsa.

Na huɗu, gani ya kori ji. A sa shi ya ɗaga mutum daga gado zuwa keke a gabanmu. Ya san cewa wanda ba ya iya motsi ana juya shi kamar duk bayan awa biyu don kada kwanciya ta buɗe masa gyambo a baya da ƙugu? Ya san cewa makaho shi ke riƙe hannun mai jagora a saman gwiwar hannu, a gaya masa ga kwata ga matakala, maimakon a fizge shi? Ya san cewa in farfaɗiya ta tashi ba a cusa cokali a baki, ba a danne mutum, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi ta gefe, in ta wuce minti biyar a nufi asibiti? Ko yana cikin masu gudu don sun yarda ana ɗauka ta yawu? In kurma zai yi wa aiki, ya iya maganar hannu ko nune-nune kawai yake? Wanda bai iya ba amma yana son koyo, a koya masa. Muna da makarantar koyon jinya a Birnin Kudu da ta kiwon lafiya a Jahun; ɗan gajeren horo na mako biyu ga masu irin wannan aiki bai fi ƙarfin jihar nan ba.

Na biyar, kuma shi ne ƙashin bayan maganar: wanda za a yi wa aikin ya zauna a wurin tantancewa, kuma kalmarsa ta zama ta ƙarshe gwargwadon ikonsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu lura da wa mai neman aikin yake magana. In ya shigo ya gaishe da kowa ya tsallake mai keken, ko ya dube mu ya ce "me take so ta ci?" alhali ga ta zaune, to kaya ya gani ba mutum ba. Mace ta zaɓi macen da za ta taɓa jikinta. A hukumomi da makarantu a sa wakilin masu lalura a kwamitin ɗaukar aiki. Muna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu tun zamanin kakanni, ga kuma ƙungiyoyinsu na zamani. Su suka fi kowa sanin ɗan jagoran da aka kora a wata unguwa ya ɓullo a wata.

Bayan an ɗauka, a ba da wata guda na gwaji. Wani wanda ba mai aikin ba ya riƙa keɓewa da mai lalurar yana tambayarsa yadda ake ciki. Katin banki kuma kada ya kwana a aljihun mai hidima.

Mun san abin da za a ce. Za a ce mafi yawan masu wannan hidima uwa ce ko 'ya ko ƙanwa, ba a ɗauke su aiki ba balle a tantance su. Gaskiya ne, kuma su ne jaruman da ba a yi wa kirari. Amma su ma suna buƙatar a koya musu, a kuma karɓe su su huta, domin gajiya tana mai da mai kirki mai tsawa. Za a ce binciken ɗan uwa zargi ne. To ai ɗan uwa ma in ya zo neman aure ana bincikensa, ba wanda ya ce an ci zarafinsa. Za a ce talaka ba shi da zaɓi. Tambaya ba ta cin ko sisi, zuwa wurin mai unguwa ma haka. Abin da ba za mu musa ba shi ne maganar lada: ba za mu nemi mai amana da ƙwarewa mu ba shi abin da bai kai kuɗin sabulu ba, sannan mu yi mamaki in ya gudu. Yaro ɗan shekara takwas da aka cire daga aji aka ba shi sanda kuwa, wannan an magance matsalar mutum ɗaya ne ta hanyar ƙirƙiro ta wani.

Ina ruwan marubuci da wannan? Ruwansa da tsaki. A labaranmu mai lalura kan fito ne don a tausaya masa, ko a matsayin sakayyar mugunta a babin ƙarshe. Mai kula da shi kuma ko dai mala'ika ce ba ta gajiya, ko muguwar kishiyar uwa. Mutanen gaskiya suna tsakanin nan: ɗan jagoran da ke son ubangidansa amma yana rage canji, 'yar aikin da ta iya aikin amma ba a biya ta wata uku ba, makahon da ya san ana cutarsa ya yi shiru don in ya yi magana gobe babu mai kai shi masallaci. Mai karatu da ya zauna da irin waɗannan a cikin littafi, ranar da za a ɗauko wa kakarsa mai hidima zai tuna ya yi tambaya.

Don haka aikinmu na wannan mako: kowa ya rubuto shafi ɗaya, ranar da aka kawo mai neman aikin kula da wani mai lalura, amma daga bakin mai lalurar. Kafin a rubuta, a je a zauna da ɗaya daga cikinsu, a nemi izininsa, a tambaye shi abin da shi zai tambaya da an ba shi dama. Kada a kawo sunan kowa. Masu saɓanin ra'ayi kuma ƙofa a buɗe take, musamman waɗanda suka taɓa yin wannan hidima ko ake yi musu.

Allah Ya haɗa masu rauninmu da masu amana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.