Marubucin da Ke Leƙa wa Jarumarsa Kati



Maƙalar yau ta ɗauko misalinta ne daga wasan karta na Turawa da ake kira foka. Caca ce, kuma duk mun san hukuncinta, don haka kada wani ya ce an turo shi tebur. Na ɗauko ta ne saboda ban san wani fage da mutane suka ƙware wajen bin diddigin shawara ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan wannan wasa ba. Da irin wannan bin diddigin suka kama wani ɓarawo a 2007, kuma a ganina laifin da ya yi shi ne laifin da yawancinmu muke yi a littattafanmu.

Ga yadda wasan yake a taƙaice, nau'in da ake kira Texas Hold'em. Ana ba kowa kati biyu a rufe. Sai a buɗe kati biyar a tsakiyar tebur, na kowa da kowa: uku a tashin farko, sannan ɗaya, sannan ɗaya na ƙarshe. A kowane mataki mutum yana iya ƙara kuɗi, ko ya biya abin da wani ya sa don a ci gaba da shi, ko ya ajiye katinsa ya haƙura. Wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin shi ya ci, sai fa idan kowa ya haƙura ya bar masa tun kafin a buɗe. Kowane rabon kati guda ana ce masa hannu. A gasa kuwa, kowa yana biyan kuɗin shiga a ba shi 'yan ƙwandalolin wasa, wanda nasa suka ƙare ya tashi. Dukkan wasan a kan abu ɗaya yake tsaye, wato ba ka ganin katin abokin karawarka.

A watan Satumba na 2007, a shafin Absolute Poker na intanet, an yi wata gasa mai kuɗin shiga dala 1,000. Aka yi ta faɗuwa har ya rage mutum biyu, ɗaya yana amfani da sunan CrazyMarco, ɗayan kuma Potripper. A hannun ƙarshe an buɗe kati huɗu, cikinsu akwai Sarki biyu. CrazyMarco ba shi da komai, babban katinsa 9 ne, yana dai jiran kati ɗaya da zai cika masa biyar masu zane iri ɗaya. Sai ya yi burga, ya tura duk abin da ke gabansa. Potripper ya biya. Da aka buɗe, babban katinsa 10 ne. Shi ma ba shi da komai, ya dai ɗara abokinsa da mataki ɗaya rak, kuma da wannan ya cinye gasar.

Wanda bai san wasan ba zai ce ai jarumta ce. Wanda ya san shi kuwa zai gaya maka cewa ko da ka tabbata mutum burga yake yi, ba ka biya da 10, domin mafi yawan masu burga ma katinsu ya fi 10. Hanya ɗaya ce take sa wannan shawara ta zama mai hankali: idan ka ga katin da ke hannunsa.

CrazyMarco ya nemi kamfanin ya aiko masa da tarihin hannayen da aka buga, abin da kowane ɗan wasa yake da damar nema. Abin da aka aiko masa ya wuce abin da ya nema. Fayil ne mai ɗauke da rufaffen katin kowa da kowa, har da adireshin intanet na 'yan wasa da na 'yan kallo. 'Yan wasa suka taru a kansa suna bi hannu bayan hannu. Suka ga wani ɗan kallo mai lamba 363 ya shigo teburin Potripper bayan hannu biyu na farko, kuma duk teburin da aka mayar da Potripper yana biye da shi. A hannu biyun farko, kafin 363 ya zo, Potripper ajiye kati ya yi kamar kowa. Daga nan sai ya koma shiga kusan kowane hannu da kowane irin tarkacen kati, amma idan wani yana riƙe da manyan tagwaye sai ya janye tun da wuri. A katin ƙarshe kuma kusan ba ya biya kawai don ya ga abin da ke hannun mutum. Ko dai ya ƙara kuɗi ko ya ajiye. Biya don a gani halin mai shakka ne, shi kuwa ba ya shakka. Kamfanin ya fara da musu, daga baya a watan Oktoba ya amsa cewa wani na ciki ne yake ganin katin mutane. Hukumar Kahnawake ta ƙasar Kanada, wadda ta ba shi lasisi, ta ci shi tarar dala 500,000.

To, 'yan uwa, a cikin littafinka kai ne 363. Kana ganin katin kowa. Ka san kishiya ta zuba magani a kunun, ka san direban nan ɗan Alhaji ne ya ɓad da kama, ka san wayar da za a bugo da ƙarfe tara ita ce za ta warware komai. Wannan ba laifi ba ne, aikinka ke nan. Laifin yana farawa ne lokacin da ka matso kusa da jarumarka ka raɗa mata a kunne.

Duk mun karanta irinsa, a WhatsApp da Wattpad da ma littattafan da aka buga. Jaruma ta shekara tana shan kunun gidan ba ta taɓa tsarguwa ba, ranar da aka zuba magani kawai sai "jikinta ya ba ta" ta ture kofin. Yarinya ta ƙi manema goma masu hali ta nace wa direba, ba a nuna mana ko abu ɗaya da ta gani a halinsa ba, a babi na arba'in sai ga shi magajin kamfani. Miji ya dawo ɗaukar makullin da ya manta daidai daƙiƙar da uwargida take faɗa wa ƙawarta asirinta a waya, ya kuma tsaya a bakin ƙofa ya yi shiru maimakon ya yi sallama kamar yadda ya saba kullum. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan biya ce da 10. Mai karatu ba shi da fayil a hannu, amma yana da abin da CrazyMarco yake da shi tun kafin fayil ya zo: ya ji a ransa cewa an yi masa maguɗi. Ba lallai ya iya faɗin inda aka yi ba. Zai dai daina jin tsoro a kan jarumar, domin ya gane akwai mai leƙa mata, kuma daga ranar da ya daina jin tsoro sai ya fara tsallake shafi.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce ai a rayuwa ma ana dacewa, ƙaddara tana kai mutum inda bai zata ba, kuma akwai wanda gabansa yake faɗuwa ba dalili kuma abin ya tabbata. Haka ne. Amma a bambanta sa'ar da ta faɗo wa mutum da shawarar da ya yanke da kansa. Wani hannu daga wata gasar zai fayyace wannan.

A 2003 wani akanta daga jihar Tenesi ta Amurka, Chris Moneymaker (sunansa ne na gaskiya, ba laƙabi ba), ya shiga wata ƙaramar gasa a shafin PokerStars da kuɗin da bai kai dala 100 ba. Ta nan ya samu kujera a babbar gasar duniya da ake yi a Las Vegas, mai kuɗin shiga dala 10,000. Mutum 839 suka shiga. Da ya rage saura goma, ya haɗu da Phil Ivey, wanda ake lissafawa cikin gwanayen wasan na duniya. Moneymaker yana da A da Sarauniya, Ivey yana da 9 guda biyu. Aka buɗe Sarauniya biyu da 6, Moneymaker ya zama yana da Sarauniya uku. Kati na huɗu ya zo 9, Ivey ya haye gaba da 9 uku haɗe da Sarauniya biyun da ke tebur. Kuɗi ya shiga duka. Kati bakwai ne kacal cikin arba'in da huɗu za su iya ceton Moneymaker, wato kusan kashi 16 cikin ɗari. Sai ga A ta faɗo. Ivey ya tashi a na goma.

Wannan sa'a ce tsagwaronta, amma ba wanda ya ce maguɗi ne, saboda kowannensu ya yi abin da mai hankali zai yi da abin da yake gani. Mai Sarauniya uku da A ba ya gudu. Mai 9 uku da tagwaye ba ya gudu. Abin mamakin daga cikin kati ya fito, bayan kowa ya gama yanke shawararsa. Irin wannan ƙaddara marubuci yana da izinin kawo ta, sau ɗaya ko biyu a littafi. Mota tana iya lalacewa, ruwa yana iya tsinkewa, tsohon direban gidan yana iya bayyana a asibiti. Abin da ba shi da izini shi ne ya sa jarumi ya ƙi shiga motar ba dalili saboda shi marubucin ya san za ta faɗi.

Hannun da ya fi burge ni a wannan gasa kuwa shi ne wanda aka yi da ya rage su biyu, Moneymaker da Sam Farha, gogaggen ɗan wasa haifaffen Labanon. Farha yana da Sarauniya da 9, Moneymaker yana da Sarki da 7. Aka buɗe 9, 2, 6. Farha ya samu tagwayen 9, mafi girma a tebur, amma duka biyun suka wuce ba wanda ya sa kuɗi. Kati na huɗu ya zo 8, ya zama akwai uku masu zane iri ɗaya a tebur. Farha ya sa 300,000, Moneymaker ya ƙara zuwa 800,000, Farha ya biya. Kati na ƙarshe ya zo 3, bai taimaki kowa ba. Moneymaker ba shi da ko tagwaye, duk abin da yake jira bai zo ba, sai ya tura komai nasa. Farha ya daɗe yana tunani. Har ya furta da bakinsa cewa yana zargin abin da Moneymaker yake jira ne bai zo masa ba. Ya faɗi gaskiyar lamarin daidai, sannan ya ajiye katinsa. Ba da jimawa ba Moneymaker ya cinye gasar da dala miliyan 2.5, Farha ya tafi da miliyan 1.3.

A wannan shekarar tashar ESPN tana nuna wa masu kallo rufaffen katin 'yan wasa ta wata ƙaramar kyamara da ke gefen tebur. Don haka mai kallo a gida ya san Farha ne a gaba, Farha kuwa bai sani ba. Wannan tazarar ita ce take hana mutum tashi daga gaban talabijin. Ku lura, sanin da aka ba Potripper shi ne dai sanin da aka ba mai kallo a nan. Da aka ba ɗan wasa sai wasan ya mutu, da aka ba mai kallo sai ya kasa zaune ya kasa tsaye. Idan kana so mai karatu ya riƙe numfashi, nuna masa maganin yana shiga kunun, sannan ka bar jarumar ta ɗauki kofin tana hira.

Sannan a dubi Farha da adalci. Daga inda yake zaune, me yake gani? Baƙon ɗan wasa wanda bai taɓa buga babbar gasa ido da ido ba, ya ƙara kuɗi daidai lokacin da zane na uku ya faɗo, ya kuma tura rayuwarsa duka a ƙarshe. Sau da yawa mai yin haka yana da abin da yake nunawa. Farha ya yi lissafi irin na gwani, lissafin ya kai shi ga asara. Annie Duke, tsohuwar 'yar wannan wasa, ta yi littafi a 2018 mai suna Thinking in Bets, kuma babban abin da take yaƙa a ciki shi ne auna kyawun shawara da sakamakonta kawai. Mu marubuta mun fi kowa wannan ɗabi'a. A littattafanmu duk shawarar da mutumin kirki ya yanke sai ta haifi alheri, duk wadda mugu ya yanke sai ta tona masa asiri, kamar dai sakamako ne yake rubuta dalili. Shi ya sa jarumanmu na kirki suke fitowa ba gishiri. Ban cika ganin uwar da ta yi bincike da kyau, ta tambayi maƙwabta da abokan aiki, ta aurar da 'yarta ga wanda kowa ya yaba, auren kuma ya lalace ba tare da an mayar da ita sakarya ko mai kwaɗayi ba. Alhali irin wannan uwar tana nan a kowace unguwa, kuma labarinta ya fi ciwo.

Ga aikin da nake ba da shawara a gwada kafin mako mai zuwa. Ɗauki littafin da kake rubutawa ka fitar da manyan shawarwari biyar da jaruminka ya yanke. A gaban kowace ka rubuta abin da ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa kafin wannan shafin, ban da abin da kai ka sani. Sai ka ba wani wanda bai karanta ƙarshen ba, ka tambaye shi ko mutum mai wannan hali, da wannan sani, zai yi haka. Inda ya ce a'a, ko dai ka koma baya ka dasa dalilin, wato ta ga kishiyar tana fitowa daga kicin a lokacin da ba girkinta ba, ko kuma ka bar ta ta sha kunun ka ga inda labarin zai kai ka. Ka duba kuma ko akwai wuri ko ɗaya da jarumin ya tsaya yana shakka, ya biya don ya gani, ya tarar ya yi kuskure. Wanda ya yi aikin yana iya kawo mana shawara ɗaya daga cikin biyar ɗin, ba tare da ya faɗi yadda labarin ya ƙare ba, mu taru mu duba ta.